Sharhi: Me ya hana Fernando Valenzuela shiga Zauren Gwaraza?

A watan Disamba na shekarar 2025, wani kwamiti mai mutum 16 ya zauna a birnin Orlando na jihar Florida a Amurka, domin zaɓen tsofaffin 'yan wasan besbol da suka cancanci a shigar da sunayensu cikin Zauren Gwaraza, wanda shi ne matsayi mafi girma da ɗan wasa zai iya takawa bayan ya yi ritaya. Mutum takwas ne aka gabatar wa kwamitin, kuma kowannensu na buƙatar ƙuri'u 12. Jeff Kent ne kaɗai ya tsallake. Marigayi Fernando Valenzuela, ɗan ƙasar Meksiko da ya yi tashe a ƙungiyar Los Angeles Dodgers, bai samu ko ƙuri'u biyar ba.

Wannan hukunci bai yi wa dimbin jama'a daɗi ba a Meksiko da kudancin jihar Kalifoniya, inda ake kallon Valenzuela a matsayin mutumin da ya buɗe wa miliyoyin masu magana da harshen Sifaniyanci ƙofar wasan da a da suke ganin ba nasu ba ne. Sai dai masu kare kwamitin na da tasu hujjar, wadda ta dogara a kan alƙaluma. Tambayar da hukuncin ya sake tayarwa ita ce: da wane ma'auni ya kamata a auna ɗan wasan da ƙungiyarsa ta ƙarar da ƙarfin hannunsa tun yana ɗan shekara 26, ta kuma ci gaba da cin gajiyar sunansa har bayan rasuwarsa?

Aikin mai jifa

Besbol wasa ne da ƙungiyoyi biyu ke yi, kowacce da 'yan wasa tara a fili. Ana raba wasan gida tara, wato zagaye tara, kuma a kowane zagaye ƙungiya ɗaya na jifa yayin da ɗayar ke bugu, sannan su yi musanya. Mai jifa yana tsayawa ne a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurga ƙwallo daga nisan mita 18 da ɗoriya zuwa ga mai bugu, wanda ke riƙe da sanda. Burin mai bugu shi ne ya doki ƙwallon ya zagaye tashoshi huɗu domin samun maki. Burin mai jifa kuwa shi ne ya yaudare shi har ya kuskure sau uku, ko kuma ya tilasta masa bugun da za a cafke.

Saboda haka babu ɗan wasan da sakamako ya rataya a wuyansa kamar mai jifa. Shi ake rubuta wa nasara ko faɗuwa a ƙarshen wasa. Aikin nasa yana da matuƙar wahala ga kafaɗa da gwiwar hannu, shi ya sa duk da cewa kowace ƙungiya a babbar gasar Amurka tana buga wasanni 162 a kaka guda, mai jifan da ke fara wasa yakan fito ne sau ɗaya cikin kwana biyar. Idan ya gaji, koci ya cire shi ya sa wani. Idan kuma ya jure daga zagayen farko har na tara ba tare da an canza shi ba, sai a ce ya kammala wasa shi kaɗai. Wannan juriya ita ce abin da Valenzuela ya shahara da ita, kuma ita ce ta zame masa sanadin komawa baya.

Daga ƙauye zuwa Los Angeles

An haifi Fernando Valenzuela ranar 1 ga watan Nuwamba na 1960 a wani ƙaramin ƙauye mai suna Etchohuaquila, kusa da garin Navojoa a jihar Sonora da ke arewa maso yammacin Meksiko. Shi ne auta cikin 'ya'ya 12 na wani gidan manoma marasa ƙarfi. Ya koyi wasan ne a wurin yayyensa, kuma tun yana matashi ya soma bugawa a ƙananan ƙungiyoyin ƙasar, yana yawo daga gari zuwa gari a motar haya.

Mike Brito, wani ɗan asalin Kyuba da ke yi wa Dodgers farautar matasan 'yan wasa a Meksiko, shi ne ya hango shi. A watan Yuli na 1979 ƙungiyar ta saye shi a kan dala 120,000. Valenzuela bahago ne, kuma jifansa ba shi da tsananin gudu irin na manyan masu jifa, don haka masu horarwa suka ga cewa sai an ƙara masa wata dabara. Sai aka haɗa shi da Bobby Castillo, wani ɗan wasan ƙungiyar, Ba'amurke mai tushe daga Meksiko, ya koya masa wani salo da za a iya kira jifan baibai. A wannan salo mai jifa yana murɗa hannunsa ne ta ɓangaren da ba a saba ba, sai ƙwallon ta karkace ta inda mai bugu bai zata ba. 'Yan wasa ƙalilan ne suka taɓa ƙwarewa a kansa, amma cikin 'yan watanni Valenzuela ya laƙance shi.

A watan Satumba na 1980 aka ɗauko shi zuwa babbar ƙungiya. Ya shigo a matsayin canji a wasanni goma, kuma babu maki ko ɗaya da aka ɗora alhakinsa a kansa. Duk da haka, a wajen Los Angeles ba kowa ne ya san sunansa ba.

Kakar 1981

Ranar 9 ga watan Afrilu na 1981 ce Dodgers ta buɗe kaka da ƙungiyar Houston Astros. Wanda aka tsara zai fara jifa, Jerry Reuss, ya ji rauni a ƙafa ana gobe wasa. Koci Tommy Lasorda ya miƙa ƙwallo ga matashin ɗan shekara 20, wanda ko Turanci ba ya ji sosai. Valenzuela ya kammala wasan shi kaɗai, Dodgers ta ci 2 da nema.

Daga nan sai abu ya zama kamar almara. Ya yi nasara a wasanni takwas na farko da ya fara, kuma a biyar daga ciki abokan hamayya ba su samu ko maki ɗaya ba. Cikin zagaye 72 da ya yi jifa a wannan tsakani, maki huɗu kacal aka ci a hannunsa. Mutum ne kakkaura, wanda bai yi kama da 'yan wasan da aka saba gani a hotunan talla ba, kuma yana da wata ɗabi'a ta ɗaga idanunsa sama kafin ya saki ƙwallo. Magoya baya suka sa masa laƙabin El Toro, wato Bijimi. 'Yan jarida kuwa suka raɗa wa ɗokin da ya kama jama'a suna Fernandomania.

Duk da yajin aikin da 'yan wasa suka yi na kusan wata biyu a tsakiyar kakar, ya kammala ta da nasara 13 da faɗuwa 7, kuma ya fi kowa yawan masu bugun da ya fitar ta hanyar kuskure uku, inda ya kai 180. An ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa da kuma kyautar Cy Young ta mai jifan da ya fi kowa ƙwazo. Har yanzu babu wanda ya sake haɗa waɗannan kyaututtuka biyu a kaka guda.

A gasar ƙarshe ta World Series, Dodgers ta haɗu da New York Yankees, wadda ta cinye wasanni biyu na farko. Ranar 23 ga watan Oktoba aka sa Valenzuela a wasa na uku. Ba ya cikin ganiyarsa a ranar, domin an ci shi maki huɗu tun a zagaye ukun farko, amma Lasorda ya ƙi cire shi. Ya yi jifa fiye da sau 140, ya kammala wasan, Dodgers ta ci 5 da 4. Daga nan ba ta sake faɗuwa ba har ta ɗauki kofin.

Tun kafin wannan, a watan Yuni na shekarar, shugaba Ronald Reagan ya gayyace shi liyafar cin abinci a fadar White House, lokacin ziyarar shugaban Meksiko José López Portillo.

Tsohon miki

Ba za a fahimci dalilin da ya sa nasarorin wannan matashi suka wuce batun wasa ba sai an dubi tarihin filin da yake bugawa a ciki. An gina filin wasa na Dodger Stadium ne a wani yanki mai tuddai da ake kira Chavez Ravine. Kafin nan akwai unguwanni uku a wurin, La Loma da Palo Verde da Bishop, waɗanda akasarin mazaunansu 'yan asalin Meksiko ne.

A 1950 hukumomin birnin Los Angeles suka sanar da mazauna cewa za a karɓe filayensu domin gina gidajen gwamnati masu sauƙin haya, tare da alƙawarin cewa su za a fara bai wa sababbin gidajen. Iyalai da dama suka sayar a kan farashi mai rahusa suka tashi. Amma a 1953, a daidai lokacin da ake yi wa duk wani shiri irin wannan kallon aƙidar kwaminisanci, sai aka soke aikin. Filin ya zauna a hannun birnin har zuwa lokacin da Walter O'Malley, mai ƙungiyar Dodgers, ya dawo da ita daga unguwar Brooklyn ta birnin New York a 1958. Masu kaɗa ƙuri'a sun amince da ƙaramin rinjaye a ba shi wurin. A watan Mayu na 1959 jami'an tsaro suka fitar da ragowar iyalan da suka ƙi tashi da ƙarfin tsiya, kuma gidajen talabijin suka nuna yadda aka ɗauko wata mata cak daga gidanta kafin motar rusau ta niƙe shi. An buɗe filin, mai ɗaukar mutum 56,000, a 1962.

Gaskiya ne cewa hukumomin birnin ne suka raba yawancin mutanen da gidajensu, shekaru kafin Dodgers ta iso. Sai dai a idon 'yan asalin Meksiko da dama, ƙungiyar ce ta ci moriyar abin da aka ƙwace musu. Akwai iyalan da suka yi rantsuwar ba za su taɓa taka filin ba. O'Malley ya san da wannan giɓi, shi ya sa tun farkon zuwan ƙungiyar aka soma watsa wasanninta a rediyo da Sifaniyanci, kuma ya daɗe yana burin samun wani tauraro ɗan Meksiko. Ya rasu a watan Agusta na 1979, wata ɗaya bayan an sayi Valenzuela, bai ga cikar burin nasa ba.

A 1981 wannan giɓi ya fara cikewa. Ma'aikatan gona da na masana'antu da na gidajen abinci, waɗanda wasunsu ba su ma san ƙa'idojin wasan ba, suka riƙa tururuwa zuwa filin ɗauke da tutocin Meksiko. Sun ga wani mai kama da su, mai magana da harshensu, wanda ya fito daga irin ƙauyukan da suka baro, yana gagarar manyan 'yan wasan Amurka. Jaime Jarrín, ɗan asalin Ikwado mai sharhin wasannin ƙungiyar da Sifaniyanci, shi ne ya zama tafintansa a gaban 'yan jarida.

Wa ya ci riba?

Ribar da ƙungiyar ta samu ba ɓoyayya ba ce. Cikin wasanni 12 da Valenzuela ya fara a gida a 1981, an sayar da tikiti ƙaf a 11. Tashoshin rediyon da ke watsa wasannin Dodgers a Meksiko sun ƙaru daga uku zuwa 17. Sauran ƙungiyoyi ma sun lasa, domin lokacin da ya je New York a watan Mayu, kusan mutum 40,000 ne suka shiga filin ƙungiyar Mets, wato kimanin ninki uku na abin da ta saba samu a lokacin. A 1982 'yan kallo miliyan 3 da dubu 600 ne suka shiga Dodger Stadium, adadin da babu ƙungiyar da ta taɓa kaiwa kafin nan.

Albashinsa a 1981 kuwa dala 42,500 ne. Da ya nemi ƙari mai tsoka a farkon 1982, ya kuma ƙaurace wa atisaye na wasu makonni, sai ƙungiyar ta yi amfani da ikon da dokokin gasar suka ba ta a kan sababbin 'yan wasa, ta yanke masa dala 350,000. Sai a 1983 ne wani mai shiga tsakani ya yanke hukuncin a biya shi dala miliyan 1 a shekara, kuma shi ne ɗan wasa na farko da ya kai wannan adadi ta wannan hanya. A 1986 ya sa hannu a kwantiragin shekara uku ta dala miliyan 5 da rabi. Ba za a ce an bar shi cikin talauci ba. Amma abin da aka karɓa daga gare shi a madadin kuɗin ya fi ƙarfin a mayar.

Yadda hannun ya ƙare

Daga 1982 zuwa 1987, babu kakar da Valenzuela bai yi jifa a zagaye fiye da 250 ba. A 1982 ma ya kai 285. An zaɓe shi cikin wasan zaratan 'yan wasa shekara shida a jere. A 1986 ya yi nasara 21, ya kuma kammala wasanni 20 shi kaɗai, kuma tun daga wannan shekara babu mai jifan da ya sake kai 20 a kaka guda. Ya fara wasanni 255 a jere ba tare da ya tsallake ko da zango ɗaya da ya faɗo kansa ba.

Domin a gane nauyin wannan aiki, sai a kwatanta da yadda abubuwa suka koma daga baya. A kakar 2024, masu jifa huɗu ne kacal a duk faɗin babbar gasar suka kai zagaye 200, kuma idan aka haɗa dukkan ƙungiyoyi 30, wasannin da mai jifa ɗaya ya kammala ba su kai 30 ba. A yanzu ana ƙirga kowane jifa, kuma da wuya koci ya bar mutum ya zarce 100 da nisa, ballantana matashi ɗan shekara 20.

Alamun gajiya sun soma bayyana a 1987, lokacin da nasarorinsa da faɗuwarsa suka zo kunnen doki, 14 da 14. A ƙarshen watan Yuli na 1988 kafaɗarsa ta hagu ta gaza, aka sa shi cikin jerin masu jinya a karon farko. Dodgers ta sake ɗaukar kofin World Series a shekarar, amma bai yi jifa ko sau ɗaya a gasar ba. Masana sun rabu kan musabbabin raunin. Wasu na ɗora laifin a kan jifan baibai, saboda yadda yake murɗa gaɓoɓin hannu. Wasu kuma na ganin yawan aikin da Lasorda ya jibga masa ne. Masu kare kocin na cewa haka zamanin yake, kuma shi kansa ɗan wasan ba ya son a cire shi daga fili.

Alƙaluman sun nuna bambancin a sarari. Kafin ya cika shekara 26 ya riga ya tara nasara 99. A duk sauran shekarun da ya yi a babbar gasar har zuwa 1997, nasara 74 kawai ya ƙara, alhali kuwa daga shekara 26 zuwa 32 ne akasarin masu jifa suke kan ganiyarsu.

Ya sake haskawa ranar 29 ga watan Yuni na 1990, lokacin da ya kammala wasa da St. Louis Cardinals ba tare da wani mai bugu ya samu bugu mai kyau ko ɗaya ba. Shahararren mai sharhin nan Vin Scully ya yi kira a ranar ga duk mai malafa da ya cilla ta sama. Amma wata tara bayan haka, a ƙarshen watan Maris na 1991, Dodgers ta sallame shi ana dab da fara kaka. Matakin ya zo ne jim kaɗan bayan ƙungiyar ta kai shi wasannin sada zumunta a birnin Monterrey na Meksiko, inda jama'a suka yi dafifi domin ganinsa, kuma sallamar ta sa ƙungiyar ba ta biya mafi yawan albashinsa na dala miliyan 2 da rabi ba. Magoya bayansa da yawa sun ga cewa an ci moriyar ganga ne an ya da kwaurenta.

Daga nan ya yi ta sauya sheƙa. Ya buga wa California Angels da Baltimore Orioles da Philadelphia Phillies da San Diego Padres da kuma Cardinals, tare da komawa gasar Meksiko a 1992. A 1996 ya yi wa Padres nasara 13, kuma shi ne ya fara jifa a wasan babbar gasar Amurka na farko da aka taɓa yi a ƙasar Meksiko, a Monterrey, cikin watan Agusta. Ya yi shekaru yana nesa-nesa da Dodgers kafin ya amince ya koma a 2003 a matsayin mai sharhi da Sifaniyanci. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 2015. Ya rasu ranar 22 ga watan Oktoba na 2024 yana da shekara 63, kwana uku kafin Dodgers ta sake karawa da Yankees a World Series, karon farko tun 1981. Ƙungiyar ta ɗauki kofin, aka kuma yi bikin zagaya gari ranar 1 ga watan Nuwamba, ranar da zai cika shekara 64.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Zauren Gwaraza yana wani ƙaramin gari ne mai suna Cooperstown a jihar New York. Hanyar farko ta shiga ita ce ta ƙuri'ar marubuta labarin wasan, inda ake buƙatar kashi 75 cikin 100. Valenzuela ya samu kashi 6 da ɗoriya a 2003, sannan ƙasa da kashi 4 a 2004, abin da ya sa aka cire sunansa daga takardar zaɓe. Hanya ta biyu ita ce ta kwamitoci irin wanda ya zauna a Orlando.

Masu adawa da shigarsa na cewa jimillar abin da ya tara, wato nasara 173 da faɗuwa 153, da matsakaicin maki 3.54 da ake ci a hannunsa a kowane zagaye tara, na ɗan wasa mai kyau ne, amma bai kai na gwarzo ba. A ganinsu shekara shida na bajinta ba su isa ba. Suna amsa cewa Sandy Koufax, wani bahagon mai jifa na Dodgers, ya shiga zauren da nasara 165 bayan ciwon gwiwar hannu ya tilasta masa ritaya yana ɗan shekara 30, amma suna tunatar da cewa Koufax ya ci kyautar Cy Young sau uku, kuma matsakaicin makinsa 2.76 ne. Suna kuma gargaɗin cewa idan farin jini ya zama ma'auni, zauren zai rasa ƙimarsa.

Magoya bayansa kuwa na nuni da cewa ƙa'idojin zaɓen da kansu ba su tsaya kan alƙaluma kaɗai ba, domin sun ambaci halayyar ɗan wasa da gudummawar da ya bai wa ƙungiyarsa. Suna cewa idan aka zo batun gudummawa, da wuya a samu ɗan wasan da ya kawo wa besbol sababbin 'yan kallo masu yawan waɗanda Valenzuela ya kawo. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, alƙaluman da ake amfani da su wajen hana shi, sakamako ne na irin aikin da aka sa shi. Kowane wasa da aka bar shi ya kammala domin filin ya cika da mutanen da shi suka zo gani, an cire shi ne daga shekarun da suka rage wa hannunsa. Hukunta shi a kan raunin shekarun ƙarshe, a ganinsu, tamkar caje shi ne kuɗin abin da shi ya biya.

Ita kanta Dodgers ta daɗe cikin wannan ruɗani. Al'adarta ita ce ba ta jingine lambar rigar ɗan wasa domin karramawa sai ya shiga Zauren Gwaraza, in ban da Jim Gilliam da ya rasu a 1978. Ta yi fiye da shekara 30 ba ta bai wa kowa lamba 34 ba, amma kuma ba ta jingine ta a hukumance ba sai ranar 11 ga watan Agusta na 2023. Gasar Meksiko ta riga ta yin haka a dukkan ƙungiyoyinta tun 2019.

Gwajin 2025

Abin da Valenzuela ya bar wa Dodgers yana nan a kujerun 'yan kallo. Kusan rabin mazauna gundumar Los Angeles masu tushe ne daga ƙasashen Latin Amurka, kuma ana ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na magoya bayan ƙungiyar daga cikinsu suke. A 2025 yawan 'yan kallon da suka shiga filin ya haura miliyan 4 a karon farko a tarihin ƙungiyar. Riga mai lamba 34 na cikin waɗanda aka fi gani a jikin jama'a, kuma a unguwar Boyle Heights an zana katafaren hotonsa a jikin wani dogon bene jim kaɗan bayan rasuwarsa.

A watan Yuni na 2025 aka jarraba wannan dangantaka. Jami'an shige da fice na gwamnatin shugaba Donald Trump sun ƙaddamar da samame a sassan birnin domin kama baƙin da ba su da takardun zama. Zanga-zanga ta ɓarke, gwamnatin tarayya ta tura dakarun tsaron ƙasa kimanin 4,000 da sojojin ƙundumbala 700. Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na birnin, LAFC da Angel City, sun fito sun nuna goyon baya ga baƙi. Dodgers kuwa ta yi kusan mako biyu ba ta ce uffan ba, lamarin da ya sa wasu magoya baya suka yi kiran a ƙaurace wa wasanninta. A cikin wannan yanayi ne wata mawaƙiya mai suna Nezza ta rera taken Amurka da Sifaniyanci a filin, duk da cewa wata ma'aikaciyar ƙungiyar ta nemi ta yi da Turanci.

Ranar 19 ga watan, Dodgers ta ce ta hana jami'an shige da fice shiga wurin ajiye motoci na filin. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta ce motocin jami'anta sun tsaya ne na ɗan lokaci, kuma ba samame ya kai su ba. Washegari ƙungiyar ta sanar da tallafin dala miliyan 1 ga iyalan da lamarin ya shafa. Wasu sun yaba, wasu kuma sun ce adadin bai taka kara ya karya ba ga ƙungiyar da ta ƙulla kwantiragin dala miliyan 700 da Shohei Ohtani na Japan a 2023.

Masu ƙungiyar na yanzu, waɗanda suka saye ta a 2012, ba su ne suka gina filin ba, ba su ne kuma suka sallami Valenzuela ba. Amma sun gaji 'yan kallon da ya tara, kuma masu sukarsu na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A bisa sabuwar ƙa'idar zauren, duk wanda bai samu ƙuri'u biyar ba, ba za a sa sunansa a zaman kwamitin na gaba ba, wanda zai gudana a 2028. Hakan na nufin sai a 2031 ne za a iya sake duba batun Valenzuela, shekara 50 cif bayan kakar da ta fito da shi. Idan a lokacin ma ya gaza samun biyar, ƙofar za ta rufe masa baki ɗaya. Abin jira a gani shi ne ko kafin nan masu zaɓen za su amince cewa mutanen da ɗan wasa ya jawo cikin fili su ma abin ƙirgawa ne.